Daga Zango Zuwa Zongo: Jawabin Da Aka Gabatar A Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

  

 

Da shugabanni suka ce ni zan yi jawabin bana, na san da yawanku sun zaci zan yi magana a kan farashin albasa, ko canjin sidi da sefa, ko yawan shingayen da ke kan hanya. Waɗannan kullum muna cikinsu, kuma akwai waɗanda suka fi ni sanin lissafinsu. Ni a kan kalma ɗaya tak zan yi magana, mai gaɓa biyu, wadda duk wanda ke cikin wannan rumfa ya faɗe ta yau kafin ya karya kumallo. Kalmar ita ce zango.

Abin da ya ja hankalina gare ta jikana ne. Ya dawo daga makaranta ransa a ɓace, ya ce mini, "Alhaji, wai Zongo Turanci ne ko Tonanci?" Na ce, "Kai ja'iri, da Hausar taka a bakinka kake tambayata?" Sai ya ce wani abokin karatunsa ne ya kira shi ɗan zongo, kuma da ganin yadda ya faɗa, zagi yake nufi. Bayan kwana biyu yayansa ya gaya mini cewa shi in zai cike takardar neman aiki ba ya rubuta sunan unguwarmu, sai ya ari adireshin wani abokinsa. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Yaro yana ɓoye sunan da kakanninsa suka sha rana da ƙishirwa kafin su kafa. Na ce to lallai laifinmu ne, mu da ba mu zaunar da su mun gaya musu ma'anarsa ba.

A bakin Bahaushe, zango shi ne wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana. Shi ya sa ake cewa an ya da zango. Tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba ita ma zango ce, wato tafiyar yini guda. In farke ya ce saura zango uku, yana nufin saura kwana uku a hanya. Daga nan kalmar ta yi rassa. Ɗan makaranta yana da zangon karatu na ɗaya da na biyu da na uku. Ɗan siyasa yana neman zango na biyu. Mu da muka tashi da rediyo a kunne mun san gajeren zango da matsakaicin zango. Masu karanta labarai suna maganar makamai masu cin dogon zango. Malam kuma in ya hau wa'azi sai ya tuna mana cewa duniya zango ce. Ku lura da kyau, a duk waɗannan akwai abu biyu da ba sa rabuwa: akwai tsayawa, akwai kuma ci gaba da tafiya. Wurin da ba a tashi daga cikinsa, a Hausar asali, sunansa gari.

To yaya aka yi wurin kwana ɗaya ya zama unguwar da aka haifi kakanninmu aka binne su? Amsar tana cikin goro.

Shekaru aru-aru fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufo Gwanja. Waɗanda suka fi shahara a wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yana da madugu, shi ne uban tafiya. Yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da wurin sauka, da uban dawaki, da malamin ayari mai addu'a da rubutu. Sukan ɗauko kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu da dabbobi, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, su sauka Salaga. Tafiyar watanni ce, kuma kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa sai an biya shi kuɗin hanya. A Salaga suke haɗuwa da goron da aka ɗauko daga kurmin Tonawa. Kada mu ɓoye wa yaranmu cewa a wannan kasuwa har bayi an sayar. Tarihi ne, da daɗinsa da ɗacinsa.

A kowane gari a kan wannan hanya, sarkin wurin yakan nuna wa fatake fili a bayan gari ya ce su sauka nan. Da tafiya ta yawaita, sai wani ya ga ya fi masa riba ya zauna ya riƙa sauke masu zuwa. Ya gina ɗakuna, ya haƙa rijiya, ya kafa masallaci, ya koyi harshen masu ƙasa. Wannan shi ne maigida. Baƙo ya sauka gidansa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi, shi kuma ya sami rabonsa a cikin la'ada. Ba banki, ba takardar lauya, amma dukiya mai yawa tana wucewa daga hannu zuwa hannu a kan kalmar mutum ɗaya. Da haka bukkar kwana ɗaya ta zama soro, amma sunan bai canja ba. Har yau a jihar Katsina akwai Zango kusa da Daura, a jihar Kaduna akwai Zangon Kataf, a cikin birnin Kano akwai unguwar Zango, a Damagaram kuma akwai Birni akwai Zango.

Yanzu mu zo gida. Musulmi sun daɗe a Kumashi tun kafin a san wani abu wai shi zango a nan. Baturen Ingila Bowdich da ya zo a 1817, zamanin Asantehene Osei Bonsu, ya tarar da malamai da 'yan kasuwa Musulmi suna zaune a cikin gari, suna da shiga a fada. Tonawa suna kiran Musulmi Kramo, kalmar da suka samo daga Wangarawa, daga karamoko, wato malami. Amma manyan ayarin goro a Salaga suke tsayawa. Abin ya juya ne a 1874, lokacin da Turawan Ingila suka shigo Kumashi suka ƙone ta. Ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, goro ya daina isa Salaga kamar da, kasuwa ta koma Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga, mutanenta suka bazu. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934. A 1896 Turawa suka kama Prempeh na ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumashi daga Sekondi. A cikin waɗannan shekaru ne ƙofa ta buɗe, fatake suka gangaro har bakin kurmin goro, tsofaffin sojojin Turawa da ake kira sojan Hausa su ma suka zauna, zangon Kumashi ya kafu. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, da goron ƙasar nan ya fara kafa jarinsa, yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko.

A nan ne kalmar ta shiga bakin wasu, kuma kowane baki da abin da ya yi mata.

Da farko ta canja sauti. Bakin Tonawa da na mutanen Ankara, da alƙalamin Turawa, suka tsayar da ita a kan zongo. Sarkin Zango ma a takardun Turawa ya koma Serikin Zongo, wani lokaci Zerikin Zongo.

Na biyu, ta faɗaɗa. A Tonanci da Turancin Ghana, zongo ba ta tsaya ga Hausawa ba. Ta zama sunan duk unguwar da mutanen arewa da baƙi suka taru: Mosawa, Dagombawa, Wangarawa, Zabarmawa, Dandawa, Kotokoli, Busanga, Frafra, Fulani, Yarabawa. Ku dubi Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Moshi Zango, ku ƙirga harsunan da ake yi a layi ɗaya. Kowa da yarensa a cikin gida, in an fito waje a haɗu a Hausa. Akwai ɗan zangon da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, kakansa ma bai taɓa ba, amma da Hausa yake mafarki. A Ankara akwai Zongo Lane, akwai Sabon Zangon da Malam Baƙo ya kafa. Kusan duk garin da ya amsa sunan gari a Ghana yana da nasa.

Na uku, ta haye zuwa Faransanci. Wanda ya saba bin hanyar gabas ya san unguwar Zongo a Kwatano da babban masallacinta, ya san ta Parakou, ya san ta Yamai. A Lome tsohon zango a tsakiyar gari yake, sai a 1977 hukuma ta rushe shi ta mai da mutanensa can arewa da gari, wajen Agoè. Mutane suka kwashi kayansu suka kwashi sunan, har yau Zongo ake ce wa wurin. Dagombawa kuma suna da tasu kalma, zong, wadda take nufin zaure. Kunne yana iya haɗa su, amma kowacce da ma'anarta, ko da yake abin sha'awa ne a ce duka biyun wurin tarbar baƙo ne.

Wani abin lura shi ne, a ƙasar Yarabawa ba wannan kalma ce ta kama ba. Can unguwar Hausawa Sabo ake ce mata, kamar ta Ibadan, daga Sabon Gari. A Kano kuwa Sabon Gari unguwar mutanen kudu ce. Ashe kowa ɗan gari ne a wani wuri, baƙo a wani wuri.

Kuma zango ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba, da 'yan rakiyarta. Kaya ta haɗu da kalmar mutanen Ankara ta mace, aka sami kayayoo, jam'i kayayei, 'yan matan da ke dako a Kejetia. Wake ya zama waakye, ƙosai ya zama koose, aboki ya zama abochi. Mutumin da zai zagi ɗan zango da rana, da safe kalmomin zango ya karya da su.

Ma'ana ta huɗu ita ce mai ciwo, ita ce jikana ya ji a makaranta. A bakin wasu, zongo ta koma nufin cunkoso da kwata da rashin karatun boko da matasan da ake haya lokacin zaɓe. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wata ma'ana da ta fi ta haɗari, wato mutanen da ba 'yan nan ba ne, waɗanda wata rana za su tafi. Mu da kanmu muna cewa baƙo raɓa ne. To in sunan unguwarka yana nufin masaukin baƙi, akwai ranar da wani zai tashi ya ce rana ta fito, raɓa ta kama gabanta.

An taɓa yi, ba sau ɗaya ba. A 1957, shekarar samun 'yancin kai, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, wanda yake riƙe da shugabancin zangon Kumashi, tare da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Sun kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, shari'ar ta mutu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutum fiye da dubu ɗari suka fita. Ina yaro a lokacin, amma ban manta maƙwabcinmu ba, wanda ya sayar da gidansa a kuɗin da bai kai na ƙofofinsa ba, ya hau babbar mota da 'ya'yan da ba su san kowa ba a ƙasar da aka ce ita ce tasu. Mahaifina ya riƙe masa akwati biyu amana har ya rasu, ba wanda ya dawo ya karɓa. A 1983 kuma abin ya juya, gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida, har jakar da suka zuba kaya ta sami sunan da kuka sani. A Zangon Kataf, a 1992, gardama a kan mayar da kasuwa wani wuri ta zama rikicin da ya ci rayuka masu yawa tsakanin mutanen da suka yi ƙarnoni suna maƙwabtaka. Ban kawo waɗannan don tayar da tsohon miki ba. Na kawo su ne don mu san cewa ma'anar kalma tana iya raba mutum da gidansa.

Alhamdu lillahi, akwai ma'ana ta biyar. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata mai ɗauke da sunan zango, majalisa kuma ta zartar da dokar asusun raya zanguna, doka mai lamba 964. Kowa yana da ra'ayinsa a kan abin da asusun ya yi da wanda bai yi ba, kuma wannan rumfa ba ta siyasa ba ce. Abin da nake so ku gani shi ne, kalmar da madugu yake faɗa in rana ta yi sanyi jakuna sun gaji, yau tana rubuce a cikin dokokin Jamhuriyar Ghana. Ƙasa ba ta yi wa raɓa doka.

To 'yan'uwa, a cikin ma'anonin nan wacce za mu riƙe? Ni a ganina biyu za mu haɗa. Ga hukuma da maƙwabta, zango gari ne, mu 'yan ƙasa ne, ba inda za mu. Ga wanda ya sauko daga mota da ƙurar hanya a jikinsa, zango yana nan a ma'anarsa ta farko, wurin da baƙo yake sauke kaya hankalinsa kwance. In muka saki ta farko, za a sake yi mana 1969. In muka saki ta biyu, mun zama unguwar talakawa kawai mai tsohon suna.

Kuma kada wani ya ce zamanin maigida ya wuce tunda akwai waya da tura kuɗi ta waya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin nan damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Ofishin kasuwar bai ɗaya ta Afirka yana nan Ankara. Duk da haka Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kuma akwai waɗanda ke zaune a nan da albasarsu ta ruɓe a cikin mota. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A duk waɗannan lokuta, wa ya ciyar da direban da ya maƙale? Wa ya ba shi tabarma, ya ranta masa kuɗin mai, ya kira mai kaya ya ce ga halin da ake ciki? Wani maigida ne a wani zango. Takardun gwamnatoci suna canjawa, wannan tsari kuwa ya girmi iyakokin da kansu.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu huɗu.

Na ɗaya, takardu. Duk ɗan da aka haifa a yi masa takardar haihuwa tun yana jariri. Wanda ya cancanci katin ɗan ƙasa ya je ya karɓa, wanda kuma baƙo ne ya sabunta takardar zamansa kafin ta mutu. Gidajen gado da filaye a bi su a yi musu takarda tun dattawan da suka san iyakarsu suna raye.

Na biyu, masauki. Ya kamata ƙungiya mai shekaru irin namu ta mallaki ɗakuna ko da kaɗan ne, inda direba ko ƙaramin ɗan kasuwar da bai san kowa ba zai kwana, ya yi wanka, ya ajiye kuɗinsa. Abin kunya ne a ce mutum ya zo zango ya kwana ƙarƙashin mota. Baƙonka annabinka, haka muka ji daga iyaye.

Na uku, amana da rubutu. Kakanninmu sun yi ciniki da baki domin kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana a Salaga labarinsa yana riga shi isa Kano. Yau mun yi yawa. A rubuta bashi, a sa shaidu, kamar yadda addini ya umarta. Wanda ya cinye kuɗin baƙo kuma kada a rufa masa asiri don ɗan wane ne, domin sunan zango gaba ɗaya ya ɓata.

Na huɗu, masu masaukinmu da 'ya'yanmu. Ƙasar nan tana da masu ita kafin kakanninmu su sauke kaya, kuma sun karɓe mu, mun yi auratayya, mun yi zaman lafiya. Mu ci gaba da girmama fadar Manhyia da maƙwabtanmu, mu hana matasanmu zama sandan dukan kowane ɗan siyasa. Yaranmu kuma, maza da mata, a haɗa musu allo da boko, har da 'yan matan da ke ɗaukar mana kaya a kasuwa, waɗanda su ne baƙin zangon yau.

Shi kuwa jikan nawa, na zaunar da shi na gaya masa abin da na gaya muku. Na ce in an sake kiransa ɗan zongo ya amsa, sannan ya tambayi mai kiran ko ya san ma'anar abin da ya faɗa. Yayansa kuma na ce ya rubuta sunan unguwarsa a takarda da manyan baƙaƙe.

Allah Ya jiƙan madugai da masu gidajen da suka riga mu, Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya. Allah Ya tsare direbobinmu a hanya, Ya sa albarka a cikin cinikinmu, Ya zaunar da Ghana da maƙwabtanta lafiya. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah Ya sa mu ga na baɗi.